San Inna da Satifiket ɗin Sajo

Idan kana neman Sajo a Abatuwa ba sai ka tambayi kowa ba, ka tsaya kawai ka kasa kunne. Inda ka ji murya ɗaya ta danne hayaniyar mahauta da kukan shanu, to can yake. Dillalin shanu ne, ɗan makiyaya da gari ya riƙe, kuma a bakinsa babu abin da bai iya ba. Shi ya koya wa direban tirela yin ribas. Shi ya nuna wa likitan dabbobi inda ake soka allura. Mu da muke zama benci ɗaya da shi mun daɗe da daina musu, sai mu ce masa haka ne, mu ci gaba da shan shayinmu.

Ranar wata Asabar surukarsa, Inna Habiba, ta aiko da sa daga rugarsu ta wajen Bokkos. Sa ne ba na wasa ba, fari sol, mai tozo kamar tulu. Ƙahonsa na dama a miƙe yake, na hagu kuwa ya lanƙwaso ƙasa tun yana maraƙi. Shekara biyar tana kiwonsa da hannunta saboda rana ɗaya tak, walimar auren autarta Hussaina, wadda za a yi Asabar mai zuwa. Ba don ta yarda da Sajo ta aiko masa ba. Shi kaɗai ne a dangi yake da turke a cikin gari, a bayan gidansa na Nasarawa Gwom. Saƙon da ta haɗo da san gajere ne, kuma ta bakin 'yarta Maimuna, matar Sajo, ya iso, don Inna ba ta taɓa yi wa surukinta magana kai tsaye ba, kunya irin ta Fulani.

"Ta ce kwana bakwai ne kacal," in ji Maimuna. "Ka ba shi ruwa, ka ba shi harawa, ka ɗaure shi. Ta ce don Allah kada ka yi masa dabara."

"Dabara? Ni da aka haifa a tsakiyar garke? Ki gaya wa Inna ko ƙuda ne zai sauka a kan san nan, sai ya nemi izinina."

Ranar Litinin wata ƙungiya ta shirya bita a wani ɗakin taro kusa da kasuwar Taminus, kan yadda ake gane hoton ƙarya da bidiyon ƙarya da muryar da inji ke kwaikwaya, abin nan da ake ce wa Eyai. Garinmu ya sha wuyar jita-jitar waya, saboda haka abin kirki ne aka kawo. Sai dai Sajo ba don ilimi ya je ba, ya ji an ce akwai shinkafa da kaza. Da safe malamar ta nuna musu wasu alamu: a ƙirga yatsu, a duba inuwa, a yi hattara da murya. Da rana aka raba abinci. Ga ƙoshi, ga sanyin Jos, ga kujera mai laushi. Sajo bai farka ba sai da aka kira sunansa ya karɓi satifiket. Maƙwabciyarsa Firisila, wadda ake kira Maman Favour, mai sayar da kabeji a Taminus, ita ce a kujerar kusa da shi. Ta ce minsharinsa ya kai har malamar ta aika a duba janareta.

Washegari ya iso Abatuwa da satifiket a leda, rataye a wuya kamar laya.

"Daga yau," ya ce, "duk hoton da zai shigo wayar mutumin unguwar nan sai ya bi ta hannuna. Zamani ya canza. Iya karatu da rubutu ya zama tsohon yayi. Yanzu idan ba ka iya karanta hoto ba, kai jahili ne ko kana da digiri."

Wannan maganar dai gaskiya ce, kuma shi ne abin haushin. Mutum ya fara da gaskiya sai ka rasa ta inda za ka tare shi. Kafin azahar ya canza sunansa a zauren Wasap na unguwa zuwa Sajo Mai Tantancewa, ya kuma sanar da cewa ranar Alhamis zai ba da darasi kyauta a rumfar mahauta, da majigi, kai tsaye a Fesbuk, don duniya ta amfana.

Firisila ce ta fara shiga hannunsa. Ta saka hoton wani kabeji da aka kawo mata daga gona, ƙato, ya cika faranti. Minti biyu ba a yi ba Sajo ya aiko da saƙon murya.

"Jama'a a yi hattara. Wannan kabejin aikin inji ne. Ku duba, ba shi da inuwa. Na biyu, babu kabejin da ya kai kan mutum girma. Ina ba Maman Favour shawara ta goge shi kafin hukuma ta gani."

Da la'asar sai ga Firisila a Abatuwa, ta sauko daga keke da kabejin a ka. Ba ta gaida kowa ba. Ta zo ta dire masa shi a cinya, har ya ce wash.

"Oga Sajo, ɗaga shi. Ɗaga! Inji ne ya yi wannan nauyi?"

"Inuwar fa? A hoton babu inuwa."

"Kwana uku ana hazo, kai ma kana da inuwa? Tashi mu gani. Abeg ka bar wahala. Rabin bita ka yi, rabin kuma ka yi barci."

Sajo ya jujjuya kabejin, ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya kanga shi a kunne kamar mai sayen kankana. "Wannan na gaskiya ne," ya ce. "Amma ba shi ne na hoton ba."

Ba a gama dariyar wannan ba ya faɗa wa Zubair mahauci. Zubair ya saka hotonsa yana ɗaga hannu a gaban teburinsa, don masu sayen nama su gane shi. Sajo ya buɗa hoton da yatsu biyu, ya yi tsalle ya miƙe.

"Na kama! Yatsu huɗu! Zubair, an sace fuskarka an haɗa da hannun inji. Ka gode wa Allah da kake da ni."

Zubair yana zaune a gefensa. Ya ajiye kofin shayi, ya ɗaga hannun hagu a gaban hancin Sajo. Yatsu huɗu ne. Na biyar ɗin gatarin sara ƙashi ya tafi da shi shekara ashirin da suka wuce, kuma Sajo da kansa ne ya riƙe shi a bayan babur zuwa asibiti, yana ihu ya fi mai ciwon.

"To ai ka gani," in ji Sajo. "Kai kana cikin mutanen da ke rikita bincike. Bai kamata irinku su riƙa ɗaukar hoto ba."

A gida ma bai bar kowa ya huta ba. Ya zaunar da Maimuna ya ce mata yanzu inji yana iya ɗaukar muryar mutum ya kira mijinta da ita, don haka dole su yi kalmar sirri. Duk lokacin da ta kira, sai ta faɗi kalmar kafin ya saurare ta. Da safe ya ce kalmar ita ce karas. Da rana ya kira ya ce ya ji kamar wani ya ji, a mayar da ita tozo. Bayan magariba ya ce tozo ya yi sauƙin cinka, a koma buta. Da zai fita sallar isha'i kuma ya leƙo ya ce ko dai a bar ta a ta farko. Maimuna ta ce to, don ta san musu da shi ɓata yawu ne.

Ranar Laraba Inna Habiba ta iso gari don shirin biki. Maimuna tana can gidan kitso da amarya, sai ta kira shi.

"Baban Adnan, Inna ta sauka a Taminus, ga kaya. Je ka ɗauko ta."

"Kalma."

"Karas."

"Ba ita ba ce."

"To tozo."

"A'a."

"Buta! Baban Adnan, tsohuwa tana tsaye a cikin sanyi!"

Sajo ya kashe wayar, ya juyo gare mu yana murmushi. "Kun ji ko? Har da kukan tausayi ya iya. Da wani ne da tuni ya ruga." Gaskiyar magana, shi kansa ya manta wace ce kalmar. Ya zauna ya ƙara shayi.

Awa uku Inna ta yi a zaune kan buhun gero a bakin tasha, da ƙwaryar man shanu a cinya, yayyafi yana sauka a kanta. Firisila ce ta hango ta, ta rufe rumfarta, ta sa ta a keke ta kai ta har gida. Da Sajo ya dawo sai ya ga takalman Inna a ƙofar ɗaki. Ya cire hula ya tsuguna daga waje ya yi gaisuwa mai tsawo. Inna ta amsa wa bango. Sannan ta dubi Maimuna.

"Tambayi mijinki, san yana nan?"

"Yana nan, Inna! Yana nan lafiya lau!" Sajo ya amsa tun kafin a tambaye shi.

"Gaya masa san nan kaɗai ya rage tsakanina da shi."

Mai hankali da ya ji wannan sai ya kwana a gindin turke. Sajo kuwa sai ya ga dama ce ta burge suruka. Ranar Alhamis da sassafe ya fita bayan gida ya tsaya yana kallon ɗaurin da ke wuyan turken, ɗauri irin na makiyaya wanda kakansa ya yi, ubansa ya yi, bai taɓa kwancewa ba. Ya girgiza kai ya ce wannan ɗaurin mutanen da ne. Ya ciro waya ya nemo bidiyon wani bature yana koyar da ƙullin ma'aikatan jirgin ruwa. Bidiyon minti shida ne. Sajo ya kalli uku, ya ce ya gane, ya kwance na kakansa ya yi na bature. Ƙullin ya yi kyau ƙwarai, har da wani ɗan jela yana lilo a gefe. A cikin minti ukun da bai kalla ba ne baturen ya bayyana cewa ja ɗaya za a yi wa jelar nan komai ya warware. Sajo ya tafi ya bar sa yana shinshina ta.

Ƙarfe goma rumfar mahauta ta cika. Mahauta da dillalai da masu shayi da masu wankin kayan ciki, kowa ya zo, wasu don ilimi, mafi yawa don sun san ba za a tashi lafiya ba. Sajo ya aro majigi, ya rataye farin zanen gadon Maimuna a jikin ƙugiyoyin nama. Wayar da ke watsa darasin kai tsaye kuma ya ɗaure ta da tsumma a jikin sikeli. Ya sha babbar riga, satifiket a wuya, da sandar kiwo a hannu don nuni.

Ya yi minti ashirin yana ba da tarihin kansa. Yana shirin shiga darasi sai wayoyin mutane suka fara ƙara a lokaci guda. Wani dillali ya ɗaga tasa.

"Malam Sajo, ga wani bidiyo ya shigo zaure yanzun nan. Wai sa ya shiga Taminus yana korar mutane."

Fuskar Sajo ta washe. "Alhamdu lillahi! Ga misali ya kawo kansa. A saka shi a majigi."

Aka saka. Sai ga wani farin sa a jikin zanen gado, yana gudu tsakanin motocin haya, igiya tana jan ƙasa a bayansa. Mai lemo ya watsar da baro ya haye kan bas. Wata mata tana sheƙa gudu da daron tumatir a ka. Masu sayar da gwanjo sun dare gida biyu.

"A tsayar!" Sajo ya daki zanen da sanda. "Ku duba matar nan. Gudu take yi, amma daro bai faɗi ba. Zai yiwu?"

"Matan Taminus ko rawa sai su yi da shi," wani ya ce daga baya.

"Kai ka yi bita? To yi shiru. Na biyu, ku dubi ƙahon. Ɗaya sama, ɗaya ƙasa. Inji bai iya ƙaho ba har yanzu, nan ne yake tonuwa."

Zubair ya ƙura wa zanen ido, ya karkata kai. "Sajo, wannan fa kamar san surukarka."

"Kamar? Ai shi ne! Abin da nake so ku gane ke nan. Maƙiya sun san yau zan yi darasi, sai suka ɗauki hoton san gidana suka ba inji ya sa shi gudu, don hankalina ya tashi in bar ku cikin duhu. To sun makara. San nan da hannuna na ɗaure shi da asuba, da ƙullin da ake ɗaure jirgin ruwa a teku. Jirgi ma bai kwance ba, balle sa."

Wasu suka tafa. Abin ya ƙara masa ƙarfi. Daidai nan ƙaramar wayarsa ta aljihu ta yi ƙara, sunan Maimuna ya fito. Ya ɗaga ta sama kowa ya gani, ya buɗe sifika ya kanga a bakin lasifika.

"Ku saurara da kyau, yanzu za ku ji yadda ake yi."

"Baban Adnan! San ya kwance! Tun ɗazu nake kiranka! Inna ta bi shi da ƙafa, ko mayafi ba ta ɗauka ba!"

"Kalma."

"Karas, tozo, buta, da duk abin da ka ga dama! Wallahi idan san nan ya ɓace, ka nemi inda za ka kwana!"

Sajo ya kashe, ya buɗe hannuwa. "Kun ji? Duka ukun ya haddace. Abin ya ci gaba fiye da yadda ake zato. Kuma ku lura, matata ba ta taɓa ɗaga mini murya haka ba."

Duk wanda ke zaune a Nasarawa Gwom ya sunkuyar da kai yana danne dariya.

Sai kiran bidiyo ya shigo wayar da ke haɗe da majigi. Firisila ce. Sajo ya ce a ɗauka, yau sai an ƙure inji. Fuskarta ta cika zanen gado, ɗankwali ya zame, tana haki. A bayanta ana hango gindin farin sa, kansa a cikin rumfarta.

"Oga Sajo! San ka yana cin kabeji na! Ya gama layi ɗaya ya shiga na biyu! Ka zo yanzu yanzu!"

"Madalla. In ke ce Maman Favour ta gaskiya, ɗaga hannu mu ƙirga."

Ta ɗaga hannu, ta buɗe yatsu biyar a fuskarsa, irin buɗewar da kowa ya san ba ƙirga ake nufi da ita ba. Rumfa ta kaure da shewa.

"Ɗaya hannun fa? Kun gani, ta ɓoye shi."

"Da shi na riƙe waya, kai! Oya, tunda ni inji ne, ga wani inji ka yi magana da shi."

Ta juya wayar. Fuskar Inna Habiba ta bayyana a kan zanen, ta kai tsayin ƙofa. Kallo kawai take yi, irin kallon da ake yi wa ɗan akuyar da ya shiga rumbu. Rumfa ta yi tsit, har ana jin ɗigar ruwan famfo.

Bakin Sajo yana shirin cewa inji ne, amma jikinsa bai jira bakin ba. Kafin ya ankara ya tuɓe takalma, ya cire hula, ya tsuguna a gaban zanen gado kansa a ƙasa.

"Ina kwana, Inna. An tashi lafiya, Inna. Ya gajiyar hanya, Inna."

"Sajo," in ji Zubair a hankali, "inji kake gaisarwa?"

Sajo ya ɗago ya dubi Zubair, ya dubi zanen, ya dubi wayar da ke jikin sikeli tana nuna wa duniya. Sai ya zabura. Babbar rigar ta kama ƙugiya, ya fizge, zanen gado ya rufto masa a ka. Haka ya fita daga rumfar a lulluɓe, ba takalmi, yana kiran mai keke. Mu ma muka cika keke huɗu muka bi shi, don irin wannan ba a bari a ji a bakin wani.

A Taminus mun tarar an riga an kama san. Shugaban 'yan sintirin kasuwa, wani dattijo mai suna Datong, ya ɗaure shi a jikin turken fitila, jama'a sun yi da'ira. Matsalar ita ce mutum uku sun riga sun fito kowa yana rantsuwa nasa ne. Inna tana gefe a zaune kan kwando, ta naɗe hannu. Jira take yi.

Sajo ya kutsa yana haki. "Oga, nawa ne! Wato na Inna ne, amma a hannuna yake!"

"Kai ne na huɗu," in ji Datong. "Ni ba ruwana da rantsuwa. A kawo shaida. In ba shaida kafin la'asar, sa zai tafi ofishin 'yan sanda, ku je can ku yi ta bayani har wata mai zuwa."

Wata mai zuwa! Biki kuwa jibi. Gumi ya keto wa Sajo duk da sanyin. Ya lalubo waya. "Ina da shaida! Ga hotona da shi, ranar Lahadi na ɗauka."

Hoton kam ya ɗauka. Abin da bai faɗa ba shi ne, kafin ya saka shi a Fesbuk ya bi da shi ta wata manhajar gyaran hoto don ya ƙara kyau, ya kuma goge na asalin. Datong ya karɓa ya duba, mutane suka leƙo ta kafaɗarsa. Rabinsu sun kalli darasin a wayoyinsu, kuma abin mamaki, sun koya.

"Wannan ƙahoninsa biyu duk a miƙe suke," in ji mai lemo.

"Ku ƙirga yatsun mutumin. Shida ne!"

"Ina tumbinsa ya tafi? Na hoton ba shi da tumbi."

"Oga, dubi bayansu. Dutsen ƙanƙara ne da wani tafki. A Nasarawa Gwom?"

Datong ya miƙa masa wayar. "Malam, ni ban yi bita ba, amma wannan ko jikata ba za ta yarda ba. Aikin inji ne."

"Gyara kawai na yi masa! Wallahi san ne! Ku yarda da ni!"

"Kalma," in ji Zubair daga cikin taro. Dariyar da aka yi har san sai da ya ɗago kai.

Sai a lokacin Inna Habiba ta miƙe. Ta kwance bakin zaninta ta ciro wata ƙaramar waya mai fasasshen gilashi, an ɗaure bayanta da roba. Inna ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba. Amma ta san inda koren akwatin Wasap yake, ta san hoton fuskar Hussaina, ta danna, ta ja da yatsa sama. Duk ƙarshen wata, shekara biyar, takan ɗauki bidiyon san ta tura wa autarta ta ga yadda rabonta ke girma. Ga shi yana maraƙi yana bin ta. Ga lokacin da ƙahon ya fara lanƙwasa. Ga tsagar da aka yi masa a kunnen dama, shaidar garkensu. Datong ya kama kunnen san ya duba, tsaga biyu da ɗan huji, daidai da na bidiyon.

Bai tsaya nan ba. Ya ce a kira masa wani a rugar. Inna ta danna hoton wani dattijo mai rawani, Arɗonsu ya fito a waya yana tsaye a cikin garke. Aka nuna masa san, ya ce na Habiba ne, ya kuma juya wayar ya nuna kunnuwan shanu uku masu irin tsagar. Kafin a waiwaya, masu rantsuwar nan uku sun narke cikin taro.

Firisila ta dafa ƙugu ta dubi Sajo. "Ka gani? Wannan ne malama ya koya da rana. In ka yi shakka, ka kira mutum wanda yana wurin, ko ka je ka gani da ido. Ya ce yatsu da inuwa suna ruɗi, kar a tsaya a kansu. Sau uku ya faɗa. Kai kana minshari."

Datong ya kwance igiyar. Sajo ya miƙa hannu biyu da ladabi zai karɓa. Inna ta riga shi, ta karɓe, ta wuce ta gabansa kamar turken fitila ne, ta danƙa wa Zubair.

"Ɗan nan, kai za ka yanka shi jibi, to ya kwana wurinka." Sannan ta juya wajen Maimuna, wadda ta iso tana share hawaye. "Gaya wa mijinki ya tattara wa baiwar Allah nan kayanta."

Haka Sajo ya yini a durƙushe a tsakiyar Taminus, cikin yagaggiyar babbar riga, yana tsince kabeji da tumatir daga ƙarƙashin motoci, wayoyi kusan hamsin suna ɗaukarsa. Na tausaya masa, wallahi, amma ni ma na ɗauka.

Ranar Asabar aka yi walima, kuma san ya yi auki. Ƙamshi har bakin titi. Sajo yana zaune a layin gaba cikin rumfar maza, ya sha sabuwar shadda, ya wanke hannu tun kafin a fara rabo. Faranti ya zo ya sauka a damansa. Wani ya zo ya sauka a hagunsa. Na bayansa suka samu, har da masu kiɗa. Shi dai yana ta gyara zama yana murmushi, yana cewa na manya ne ke zuwa a ƙarshe.

Sai wayarsa ta yi ƙara. Maimuna ce ta turo hoto, da saƙon muryar Inna a ƙarƙashinsa. Hoton faranti ne shaƙe da nama, ga tozo, ga hanta, ga romo yana ƙyalli. Ya kanga wayar a kunne, amma ya manta sifika a buɗe take, duk layin muka ji.

"Tura wa mijinki rabonsa. Ya tantance. In na gaskiya ne, ya ci."

Sajo ya daɗe yana kallon hoton. Ya buɗa shi da yatsu biyu, ya duba gefe da gefe, ya duba ƙasan farantin. Mu kuwa muna ta tauna, muna jiran sakamako.

"Na gaskiya ne," ya ce a hankali, ya haɗiyi yawu.